Littafin Da Ba A Ɗinkewa

Tun ranar da katafila ta bi ta kan fadamar Malam Sallau ta shafe kunyoyinsa da mangwaron da ubansa ya dasa, ya ce ba mutumin dam da zai sha ruwa a randarsa. To, sai ga shi wanda 'yarsa Baturiya ta ce tana so, ba ma'aikacin dam kawai ba ne, shi ne ma mai riƙe da igiyar awon. Falalu ke nan, safiyo a kamfanin da ke gina madatsar Bakolori, dogo mai yawan murmushi, wanda ya kafa turakun da katafilar ta bi.

Baturiya ba yarinya ba ce. Shekarunta ashirin da biyar, mijinta na fari ya rasu, ta gama takaba ta dawo gidan ubanta a Bakura. Malam Sallau malami ne, ya san ba a yi wa bazawara dole, bai kuwa yi ba. Abin da ya faɗa dai ya fi dolen ciwo.

"Ki auri wanda kike so, shari'a ta ba ki. Amma albarkata ba ta bin igiyar awo."

Shi wanda yake so mata Barau ne, ɗan yayarsa, mai shagon yadi a kasuwar Talata Mafara. Barau ba shi da aibu, abin haushin ke nan. Ya yi karatu, yana da haƙuri, ko kaza bai taɓa kora da ƙarfi ba. Baturiya tana ganin girmansa ƙwarai, amma zuciya ba ta san girma ba.

Mutum ɗaya ce a duniya za ta ce wa Malam Sallau zauna ya zauna, ita ce uwarsa, Inna Maimunatu. Sunanta aka sa wa Baturiya, shi ya sa uban ba ya iya kiran 'yarsa sai da laƙabi. Tsohuwar ta kusa tamanin, idonta ya tafi saura inuwa-inuwa, amma bakinta ko kusa bai tsufa ba. Kuma tana da littafi.

Shekara arba'in tana rubuta shi da ajami, warƙa ɗari da 'yan kai, a cikin wata gafakar fata da ta yi baƙi saboda hannu. Babu hadisi a ciki, babu waƙa. Tunaninta ne kawai a kan zaman duniya na mace: a kan wadda haihuwa ta ƙi, a kan wadda ta fi mijinta wayo, a kan lokacin da ya kamata a yi shiru da lokacin da shirun ya zama tsoro. A wata warƙa ta rubuta cewa haƙuri iri biyu ne, akwai na mai jiran tuwo ya nuna, akwai na mai jiran dutse ya nuna, kuma mace ta duba tukunyarta ta san wanne take yi.

Warƙoƙin a sake suke, kamar na kowane littafin zaure. Mace in abu ya dame ta, daga Faru ko Birnin Tudu ko ƙauyukan Maradun, sai ta zo ta faɗa wa Inna. Inna ta sa Baturiya ta zaro warƙar da ta dace a ba ta aro. Ta tafi da ita kwana bakwai, wadda ta iya karatu a unguwarsu ta karanta mata, ta sake karanta mata. In ta dawo da ita, in maganar ta shige ta, sai ta ɗiga tawada sau ɗaya a gefen takardar. Wasu warƙoƙin gefensu kamar ƙwan zabo.

Baturiya ce ta dage a ba Falalu gafakar gaba ɗaya. Ba a taɓa ba namiji ba.

"Inna, ki bari shi karanta. In ya san abin da ke cikin kanki, ya san abin da ke cikin nawa."

"Takwara, mai awon ga naki ya ko iya ajami?"

"Shina ja kaɗan-kaɗan."

"To, shi ja. Kwana goma sha huɗu. In ya dawo in tambaye shi, in na ji kanshi da ƙwalwa, ni ce za ni yi magana da ubanki."

Kwana goma sha huɗun nan Baturiya ta yi su kamar mai tafiya a kan iska. Abu ɗaya ne ba ta gaya masa ba, domin bai zo mata a rai ba. Wa zai tsaya yana gaya wa mutum cewa ba a toshe bakin rijiya?

Ranar Alhamis bayan la'asar babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar gida. Baturiya ta riƙo hannun Inna ta kawo ta zaure, ta shimfiɗa mata buzu. Falalu ya durƙusa aka yi gaisuwa doguwa, ya gida, ya aiki, ya ƙarfin jiki, shi kuwa sai murmushi yake kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. A hammatarsa akwai wani abu a naɗe cikin takarda mai ruwan ƙasa.

"Inna, ga amanarki. Na karanta dut, wasu wurare sau ukku. Kuma na yi miki wata 'yar hidima."

Ya kwance takardar da kansa.

Littafi ne mai koren bango mai tauri, an rubuta sunan Inna da ruwan zinari a bisa, da boko. An ɗinke shi tsaf, warƙa a kan warƙa, kamar littafin lissafin makaranta.

"Na ga takardun suna zubewa," in ji Falalu, bakinsa har kunne. "Tsoro ya kama ni kar ɗaya ta ɓace. Sai na kai shi Gusau ga wani mai ɗinkin littattafai, na tsaya bisa kanshi wuni guda don kar shi rikita su. Yanzu ko shekara ɗari za shi yi, ba wadda za ta fita."

Inna ta miƙo hannu aka ɗora mata. Ta shafa bangon. Ta buɗe, ta kama warƙa ɗaya ta ja a hankali. Warƙar ta ƙi zuwa. Ta kama wata ta ja, ita ma ta ƙi.

"Ba wadda za ta hita," ta maimaita.

"Ko ɗaya, Inna."

Tsohuwar ta rufe littafin. Sannan ta ce, "An gode, mai awo. Takwara, mai da ni ɗaki."

Ba ta yi masa tambaya ko ɗaya ba. Falalu ya bi su da kallo, murmushin yana bushewa a fuskarsa. Bawan Allah, garin neman gira ya rasa ido, kuma har ya hau babur bai san me ya yi ba.

Washegari da hantsi wata mata ta yi sallama. Taiba sunanta, daga ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da aka yanka wa mutanen Maradun a kan tudu bayan an tashe su daga bakin gulbi. Ta yi tafiyar ƙafa kafin ta sami mota, ƙafafunta duk sun yi fari. Mijinta ya ce tunda gona ta tafi zai nufi kurmi neman abin yi, ko ta bi shi ko ta zauna da tsohuwar uwarta. Ta rasa na zaɓa.

"An ce mani akwai warƙar barin gida, Inna. Wadda kir rubuta shekarar yunwa."

"Akwai ta, ɗiyata. Sai dai an ɗaure ta."

Baturiya ta ɗauko koren littafin, kunya kamar ta nutse. Ba a iya ba mace ɗaya littafin duka, domin gobe wata za ta zo.

"Yaya Taiba, bari in kwahe miki ita yanzu. Hannuna na da kyau, ba za ni rage ko wasali ba."

Taiba ta duba warƙar, ta bi gefenta da yatsa, inda ɗige-ɗigen suke jere har sun zagayo ƙasa. Idonta ya cika.

"Allah shi yi miki albarka. Amma ba rubutun kaɗai niz zo nema ba. So nike in kwana da waɗanga. In ga ba ni ɗai ba ta, mata talatin sun riga ni shiga wagga damuwa kuma sun hita." Ta share ido da gefen mayafi. "Sabuwar takarda ba kowa cikinta."

Aka karanta mata sau biyu, ta ci abinci, ta koma hannu banza.

Malam Sallau ya ji labari a wurin cin tuwon rana. Bai yi faɗa ba, ai da ya yi da sauƙi. Ya kira Baturiya ya juya littafin a hannunsa, gaba da baya.

"Aikinsu ke nan. Gulbin da ke bi ta ƙohwar kowa, sun tara shi wuri guda sun ce gyara sunka yi. Ban ce yaron ga mugu ba ne, Baturiya. Amma wanda ba ya tambaya kahin shi gyara, wata rana ke za shi gyara." Ya ajiye littafin. "Ran Talata in an tashi kasuwa magabatan Barau za su zo. Ki shirya amsar da za ni ba su."

Ta juya ta dubi Inna, wadda ke zaune a bakin ƙofarta tana jin komai. Tsohuwar ta ci gaba da jan carbinta. Wannan shirun ne ya karya zuciyar Baturiya, ta shiga ɗaki ta kifa kai a kan gado ta yi kuka mai isarta.

Barau ma ya leƙo da yamma, da ledar lemo a hannu, kuma don Allah tausayi ne ya kawo shi.

"Ƙanwata, ki daina kuka. Ni a ganina ɗinkin ya yi kyau. In Allah ya nuhe mu da zama tare, ina da kabad mai gilashi, sai mu sa shi ciki da makulli. In ma kina so in bi shi in gyara wuraren da tsohuwa ta yi zahin baki."

"Na gode, Yaya Barau."

Ta gode ɗin da gaske. Amma da ya tafi ta ji kamar an ɗora mata dutse a kan wanda ke ƙirjinta.

Ranar Asabar Falalu ya zo. Ta fito zaure da idanu jajur, ta zauna a can nesa da shi, ta ba shi gefe.

"Baturiya, don girman Allah ki gaya mani laihina. Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Ko kalar bangon ce ba ta yi ma Inna ba?"

Duk da baƙin cikinta sai da dariya ta kusa ƙwace mata. Kalar bango! Haka ɗan boko yake, in ya ga gida na cin wuta sai ya tambayi ko fenti ne bai yi ba.

Ta gaya masa. Ta gaya masa aron kwana bakwai, ta gaya masa ɗigon tawada, ta gaya masa Taiba da fararen ƙafafunta. Tana magana hawaye na zuba, shi kuwa kansa na ƙara yin ƙasa.

"Ɗige-ɗigen nan," ya ce da ƙyar, "na ɗauka tawada ce ta zube. Har mai ɗinkin ya ce shi yanke gehen don shi yi tsaf. Allah ne kaɗai ya sa na hana shi."

"Da ya yanke, da ba ka ƙara ganin huskata ba."

"Me ya sa ba ki gaya mani ba?"

"Kai me ya sa ba ka tambaya ba?" Muryarta ta tashi. "Kwana goma sha huɗu kana karanta matar da ta ce kar a yanke ma macce shawara bisa kanta, sannan ka tashi ka yanke mata! Ka karanta da ido, Falalu, ba ka ji ba."

Bai kare kansa ba. Ta so ya kare, don ta sami abin da za ta ci gaba da faɗa a kai. Da ya ƙi, sai fushin ya sulale ya bar mata zallar ciwo.

"Akwai abin da ban gaya ma kowa ba," ta ce a hankali. "Inna ta ce littahin bai ƙare ba. Ta ce ranar da na yanke wata shawara mai wuya da kaina, in rubuta tawa warƙa in sa cikin nata. Tun ina takaba nike jiran ranar nan. Yanzu ka duba, ka ɗinke shi gaba da baya. Ina za ni shiga?"

Nan Falalu ya rufe fuska da hannu biyu. Babban mutum, mai ba lebura hamsin umarni, kafaɗunsa na rawa.

"Wallahi so ne ya sa ni. Na ga abin da kike ƙauna, na ji tsoron kar shi watse."

"Na sani. Da ban sani ba da ban yi kuka ba."

"Na ji ran Talata magabatan Barau za su zo, ki ce ma Malam kin amince da shi. Ya hi ni sanin gidanku."

"Kar ka ƙara!" Ta juyo ta dube shi ido cikin ido, karo na farko. "Ka ga ka sake? Yanzu ma kana yanke mani. Amsata tawa ce."

Ya share fuska ya ce, "To, tambaya nike. Ina da izini in kwance shi?"

"Ba nawa ba ne. Ka tambayi mai shi."

Mai shi, da aka kai mata saƙo, ta ce, "Wanda yaɗ ɗaure akuya shi ka kwance ta. Amma nan zaure, ba Gusau ba."

Lahadi da sassafe ya zo da reza da allura da farin zane. A zauren ne Malam Sallau ke zama da littattafansa tun daga hantsi har azahar. Falalu ya gaishe shi, "Allah shi gahwarta Malam," aka amsa masa a taƙaice. Ya shimfiɗa zanen a kusurwa ya duƙufa.

Baturiya ta sami dalili goma na wucewa ta bayan asabarin zaure a ranar. Sau ɗaya neman tsintsiya, sau ɗaya korar kazar da ba ta yi laifin komai ba. Tana hango shi ya tanƙwara wannan dogon bayan, yana tsinke zare ɗaya-ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa yana kawar da kai don kar ya sauka a takarda. Mai ɗinkin Gusau ya san aikinsa, ya ja zaren kamar da gayya.

Wajen hantsi ta ji ya ce, "Innalillahi." Rezar ta zarce ta tsaga gefen wata warƙa, tsawon ɗan yatsa. Ya zauna yana kallon tsagar kamar a jikinsa take.

Malam Sallau bai ɗago daga littafinsa ba. Ya dai laluba cikin kwandon alƙalumansa, ya zaro 'yar wuƙar da yake fiƙe alƙalami da ita, ya turo ta a kan tabarma har ta tsaya a gaban Falalu.

"Reza ci gare ta. Wagga ta san takarda."

Maganar da ta shiga tsakaninsu ke nan a wunin. Amma da azahar ta yi, Baturiya ta ga uban nata ya tura masa butarsa ta alwala, ta koma madafa ta rasa me ya sa take yi wa tukunya murmushi.

Sai Litinin da hantsi ya gama. Aka fito da Inna. Ya jera mata warƙoƙin a cikin tsohuwar gafakarsu, koren bangon yana gefe, wofi. Ta ja ɗaya, ta zo. Ta bi gefenta da yatsa ta ji hudojin allura guda biyar a jere.

"Waɗanga ba su tohewa."

"Ba su tohewa, Inna. Na ɓata miki abin da ba ni iya gyarawa."

"Uhm. Ni ma kunnena an huda shi, kuma ina ji da shi." Ta juya fuska wajen muryarsa. "Matar nan ta Maradun, Taiba, ban san inda anka kai su ba. Tun da anka tashe su matana sunka watse mani."

"Ni na sani, Inna. Ni na yanka hilayen. Ba unguwar da ban san turakunta ba." Ya dubi gafakar. "In kin ba ni izini."

"Ka ga, ka koyi tambaya. Takwara, ba shi ta barin gida."

Ya tafi da azahar, bai dawo ba sai da rana ta yi ja. Ya sauka daga babur jikinsa duk jar ƙasa, kuma babu murmushin nan nasa.

"Na ba ta hannu da hannu," ya ce wa Baturiya. "Ta rungume ta kamar jinjiri. Mata shidda sun ce in gaida Inna, suna nan tahe." Ya dubi ƙasa. "Na auna wurin nan kamu-kamu, amma ban taɓa zama cikinshi ba sai yau. Na ga inda suke zuwa ɗibar ruwa. Malam ya yi gaskiya bisa kaina."

Sannan ya ciro wani abu daga jakarsa. Fararen takardu ne guda goma, masu kauri, an yanka su daidai da warƙoƙin Inna, tsawo da faɗi, ko gashi bai fi ba.

"Awo kaɗai na iya," ya ce. "In ba ki so ki hura wuta da su. Abin da za ki rubuta ba ruwana, ko da sunan Barau ne."

Ya tafi bai jira amsa ba.

Baturiya ta zauna a gindin ɗakin Inna da sauran hasken yamma, kurtun tawada a gefenta. Ta daɗe alƙalamin na hannunta. Da ta fara kuwa ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙasa. Ta karanta wa tsohuwar:

"Ni Maimunatu ƙarama na ce: na ga mutumin da ba ya kuskure, na ga kuma wanda ya yi kuskure ya zauna kwana biyu a gaban mai jin haushinsa yana kwancewa. Zaman aure dogo ne, ba wanda zai kai ƙarshensa bai huda wani abu ba. Don haka ba na neman hannun da ba ya ɓatawa, ina neman wanda ke dawowa. Na zaɓa, kuma ba na son in fita gidan ubana ba da albarkarsa ba."

Inna ta ce, "Zahin bakin ga nawa ne, an sace mani."

"Inna, za ki yi ma Baba magana?"

"A'a. Da za ni yi, yanzu ba bukata. Littahi ya sami sabuwar mai shi, ita za ta yi. Akwai wani mai damuwa cikin gidan ga, kai mashi aro."

"Ba a ba namiji, Inna."

"An ba mai awo ɗari da 'yan kai. Ɗana bai ci guda ba?"

Ta same shi yana shirin fita sallar magariba. Ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu. Malam Sallau ya girma yana ganin mata na shiga da fita da warƙoƙin uwarsa, ya san ka'idar sarai. Ya karɓa, ya duba hannun rubutun, ya gane ba na uwarsa ba ne. Ya sa a aljihun gaba ya fita.

Talata ta waye. Baturiya ta share tsakar gida sau biyu, ta ƙona miya, ta zuba wa awaki ruwan da aka ajiye na sha. Uban ya tafi kasuwar Mafara tun da safe kamar yadda ya saba. Ka'ida kwana bakwai ce, ita kuwa wuni ɗaya gare ta.

La'asar ta yi, motocin kasuwa suka fara dawowa. Ta ji sallamarsa, ta ji ya ce a shimfiɗa manyan tabarmi a zaure, baƙi na hanya. Ta shiga ɗakin Inna ta zauna a ƙasa ta ɗora kai a cinyar tsohuwar.

Inuwa ta rufe ƙofa. Malam Sallau ne, ya durƙusa ya gaida uwarsa, sannan ya ciro takardar daga aljihu.

"Ga aronku. An ce kwana bakwai, amma ni ba ni da haƙurin mata."

Ya ajiye ta a kife a kan tabarma. Har ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Magabatan Barau baƙina ne, ni za ni ba su haƙuri da bakina. Shi kuma wancan, a ce mashi shi dawo mani da wuƙata. Kar shi zo shi ɗai, shi taho da manyanshi."

A waje aka ji mota ta tsaya, ana ta sallama. Baturiya ba ta ji su ba. Ta juya warƙar. A gefenta, inda babu hudar allura ko ɗaya, akwai ɗigo guda, babba, irin na alƙalamin malamin da ya danna da ƙarfi.

"Mi kig gani, takwara? Ni ba ni da ido."

Baturiya ta kamo yatsan tsohuwar ta ɗora a wurin. Inna ta ɗago yatsan ta shinshina, sannan ta yi dariya har dasashinta ya bayyana.

"Ja'iri. Ko bushewa ba ta yi ba."